Taku Goma Tsakanin Silas da Surukinsa

Silas ɗan ƙanwata ne, wato ɗana ne. Ni na raine shi tun yana shekara shida, lokacin da aka ɗauke uwarsa zuwa asibitin birnin Alice aka jona ta da injin wankin ƙoda, inda take har yau. Jaridun kudu sun rubuta labarinsa sau biyu a shekara ɗaya. A watan Mayu suka ce matsoraci ne, a watan Agusta suka ce namijin duniya ne, kuma babu wanda ya ɗaga waya ya tambayi ko mutum ɗaya a garinmu Yalkari. Na yi sakandare har aji huɗu, shekarata goma sha tara ina tsaron kantin gari, na iya riƙe biro. Don haka ga nawa.

Yaro ne marar magana. In ka tambaye shi abu, sai ya ɗaga haɓa ko ya turo leɓe wajen da amsar take. Filinmu jan ƙasa ne da tsakuwa, sandunan ci kuwa bututun ruwa ne da aka shafa wa farin fenti, ɗaya ya karkace tun ranar da wani sakakken raƙumi ya sosa jiki da shi. A nan ya koyi ƙwallo, irin tamu da ake riƙewa da hannu, ba takalmi. Yana iya taka kafaɗar ƙato ya cafe ƙwallo a sama, amma wannan yaranmu da yawa sun iya. Abin da ya raba shi da su kamu ne. In ƙwallo tana hannunka Silas yana bayanka, ka riga ka faɗi, sani ne kawai ba ka yi ba tukuna. Haka yake kama damo kafin ya kai bakin rami.

Yana shekara goma sha biyar aka ba shi gurbi a makarantar kwana a Adelaide saboda ƙwallo. Ya gudo sau biyu. A na biyun ni da kaina na sa shi a mota na kai shi tashar bas a Alice, na ce masa in ya sake dawowa, jera gwangwanin nama zai yi tare da ni a kanti har gemunsa ya yi fari. Bai sake gudowa ba.

Da ya kai goma sha takwas ya ɗauki Renita. Shi Japanangka ne, ita Napurrurla, sunayen rukunin dangi da aka haife su da su sun dace da juna, babu tsohon da ya yi tsaki. Suka haifi ’ya mace, Keziah. Daga nan, bisa dokarmu, uwar Renita, Maudie, ta zama wadda ba zai kalla ba, ba zai yi wa magana ba, ba zai shiga inda take ba. In ya nufo kanti tana ciki, sai wani ya ce masa babu wuri, ya koma bayan tankin ruwa ya jira ta fita. Haka kuma ’yan’uwan Maudie maza. Autansu shi ne Hedley, wanda a lokacin ya shekara goma sha ɗaya yana buga wa wani babban kulob a Melbourne. Silas ba ya kiran sunansa, ba ya zama kusa da shi, ba ya miƙa masa abu hannu da hannu. Taɓa shi kuwa ba a ma kawo zancen.

A gida wannan bai taɓa hana wasa ba. Baba Toby, wanda ke horar da ’yan wasanmu daga kan kujerar roba, kafin kowane wasa yakan tsuguna da tsohon ɗaya garin, su yi ta zane a ƙasa da tsinke. Wane ya koma can ƙarshen fili, wane ya dawo nan, wane ya zauna sai an fitar da wane. Minti biyar sun gama, su share ƙasar da ƙafa. Silas ya tashi yana ganin wannan yana cikin aikin koci, kamar kawo ruwa da lemo. Kuskurensa ke nan. Ni ma ban fi shi ba, don ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

A watan Nuwamba, ranar zaɓen sababbin ’yan wasa, wani kulob na Melbourne ya ɗauke shi can wajen ƙarshe, bayan mun fara tattara kujeru. Kwantiragin shekara ɗaya. In ya yi abin kirki a ƙara masa, in bai yi ba ga tikitin jirgi. Ba zan faɗi sunan kulob ɗin ba, wanda ya sani ya sani.

Renita ta bi shi da jaririya, ta yi wata biyu a wani ɗaki a hawa na shida, ba ta san kowa ba, sanyi ya sa yarinya tari, ta dawo. Shi ya zauna. Suna auna masa abinci a sikeli, suna auna barcinsa da agogo. Kowace Lahadi yakan kira ni, zancen bai wuce lafiya lau ba, da sanyi, da ko karensa yana nan. A mako na bakwai na gasar aka sa shi a babban wasa. Ya kayar da mutum tara. Mako na gaba goma sha ɗaya. Masu sharhi a talabijin suka fara koyon faɗin Yalkari, suna karya shi.

Wasansa na huɗu da kulob ɗin Hedley ne.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ranar Alhamis koci ya tara su a ɗakin taro, su arba’in, ya haska hoton Hedley a bango, fuskarsa ta cika bangon. Ya kira sunansa ya fi sau goma. Sannan ya nuna Silas ya ce ga dabararsa: garinku ɗaya, ka san motsinsa, kai za ka tsare shi, kada ko takarda ta ratsa tsakaninku. Silas ya sunkuyar da kai. Koci ya ɗauka ya amsa, ya wuce hoto na gaba.

Mutane suna tambayata me ya hana shi buɗe baki. Ya ce me? Sai ya tashi a gaban maza arba’in, fuskar surukinsa tana kansa, ya yi ta zancensa. Kuma shi a tunaninsa akwai wani tsoho a wani wuri da zai tsuguna ya gyara kafin Asabar. Kulob ɗin suna da mutum ɗaya da aikinsa kula da yaranmu, mutumin kirki, baƙi ɗan’uwanmu daga bakin teku, amma kakarsa tun tana ƙarama aka raba ta da danginta, irin waɗannan abubuwa ba su iso gare shi ba. Ban ga laifinsa ba.

Ranar Asabar da rana gari duka ya taru gaban talabijin a zauren makaranta, an dafa wutsiyar kangaru a toka tun safe. Da ’yan wasa suka tsaya a wurarensu muka ga inda Silas ya nufa, sai Baba Toby ya yi gyaran murya.

Silas ya tsaya taku goma daga Hedley, ya juya masa gefe. In Hedley ya matsa, ya bi shi, don an ce ya bi shi, amma tazarar ba ta ragu ba. Hedley ma yana ta zillewa, yana neman ya ba shi wuri. Abokan wasan Hedley kuwa mutum suka gani a sake, ba mai gadi, suka yi ta aika masa ƙwallo. Ya ci bakwai. Ko ɗaya bai ɗaga hannu ba, yakan buga ya koma wurinsa kai a ƙasa. Lokacin hutu kyamara ta nuna koci yana zuba wa Silas ihu a fuska, jijiyar wuyansa a tashe. Bayan hutu da kaɗan aka fitar da shi, ya zauna a benci da mayafi a kai. A zaurenmu tsofaffi mata suka ce yaron nan yana da tarbiyya. Aka raba nama, aka watse.

Jaridu suka ce tsoro ya ji, wasu suka ce irinsu haka suke, hankalinsu yakan tafi yawo. Aka mayar da shi ƙaramin rukuni, inda ake wasa a filayen unguwa gaban mutum ɗari biyu da karnukansu. Abokan wasansa suka raɗa masa Taku Goma. In ya zauna cin abinci, sai wani ya tashi ya auna taku goma da ƙarfi ya ajiye farantinsa a can, a yi dariya. Shi ya ba ni wannan labarin a waya, da muryar da yake gaya mini yanayin sanyi.

Na kira kulob ɗin daga wayar kanti. Kwana uku ana miƙa ni daga wannan zuwa wancan. A ƙarshe wata mata mai sanyin murya ta saurare ni, na yi mata bayani dalla-dalla, abin da bai kamata in zauna ina yi wa baƙuwa ba. Ta ce ta gode ƙwarai, ta ƙaru sosai. Sannan ta tambaye ni ko ina zane, don baɗi suna son rigar wasa mai zanen mutanenmu. Na ajiye wayar a kan firji ba tare da na kashe ba, na je na sallami masu sayen gari.

Saƙon dai ya isa. Koci ya kira Silas ofis, ya dafa kafaɗarsa, ya ce yana girmama al’ada matuƙa, amma da zarar an tsallake farin layin fili babu mai suruki. Ya ce kada ya damu, zai ba shi damar wanke kansa.

Mako goma sha ɗaya yana ƙaramin rukuni. Sai ga wasan ƙarshe na shekara, ’yan bayansu uku sun ji rauni, kuma da kulob ɗin Hedley za a sake karawa. Koci ya cika alkawari. Ya ce masa ga mutuminka nan, in ka riƙe shi mu zauna maganar baɗi, in ka sake tsayawa kallo, to ka san sauran.

Na kira Hedley. Shi ɗan kawuna ne, abokin wasana, babu kunya tsakaninmu.

Na ce, “Ɗan kawu, har bakwai? Tsoho da kai, da furfura a kunne. Da ka tsaya a uku.”

Ya ce, “’Yar goggo, turo mini ita suka yi ta yi. In zubar? Ni ma shekarata ta ƙarshe ce a takarda, kuma ƙusa biyu ke riƙe da gwiwar nan. Ke da ko tsere da kaza ba ki taɓa ci ba.”

Muka ɗan yi dariya, ta mutu da kanta. Ya ce shi ya daɗe a can, akwai abubuwan da ya ajiye a bakin ƙofa tun shekarar farko, bai koma ya duba ko suna nan ba. Amma ranar nan da ya ga yaron tsaye can gefe, sai suka dawo masa. Shi ma bai kira sunan Silas ba.

Sannan ya ce, “Ki gaya wa wancan, in ya zo bayana zai same ni. Ba zan ga komai ba.”

“Kai ka kafa dokar, da za ka ɗage ta?”

Ya ce a’a. Ya ce in gaishe da yayarsa.

Maza suka zauna a gindin bishiyar bayan coci. Abin da ya fito zuwa kunnen mata shi ne, samari sun ce aiki ne, kamar direban motar asibiti da ke ɗaukar duk wanda aka sa masa. Baba Toby ya ce shi bai taɓa jin doka ta sauka a filin jirgi ta zauna jiran mutum ya dawo ba. Ba a yanke komai ba. Aka aika ƙanwar Maudie ta ji ta bakinta. Maudie tana kwaɓa gari a murfin durom, ta ce ba ta da abin cewa a kan mutumin da ba ta gani, ta ci gaba da kwaɓinta.

Ranar Juma’a da hantsi Silas ya kira. Na isar masa da saƙon Hedley, da na Baba Toby, da shirun Maudie. Ina jin ƙarar jirgin ƙasa a bayansa, ya tambaye ni.

“Inna, ke me kika ce?”

Ni da gari ya sani da baki. Na zagi ɗan majalisa a gaban jama’a, na kori ɗan sanda daga kanti saboda takalminsa da laka. Ni na ce masa gwangwani zai jera in ya dawo, kuma na san abin da samarin da suka dawo suke zama, ina ganinsu kullum a inuwar kanti. Na kuma san abin da ɗaya hanyar za ta ci. Na ce masa ban sani ba. Ya ce to, ya kashe.

Ranar Lahadi zauren ya cika kamar wancan karon, sai dai ba a dafa komai ba. Maudie ta zo ta zauna can baya da ’yan’uwanta mata, ta ba talabijin gefe. Renita tana kusa da ni, Keziah a cinyarta.

Minti huɗu da farawa ƙwallo ta faɗo gaban Hedley. Ya ɗauka, ya juya baya, ya ɗan yi jinkirin da ɗan wasa irinsa ba ya yi. Silas ya zo da gudu ya rungume shi ta ƙugu, ya danne hannayensa biyu, ya kai shi ƙasa. Kamu mai kyau, babu mugunta a ciki. Mutum dubu sittin suka tashi da ihu. Alƙalin wasa ya hura, ya ba Silas ƙwallo. Abokansa suka zo suna dukan kansa da tafi. Talabijin ya maimaita kamun sau uku, a hankali, ta gaba da ta baya da ta sama.

Maudie ta miƙe, ta ja bargo ta rufe kai, ta fita. ’Yan’uwanta suka bi ta. Renita ta ɗan zauna, sannan ta saɓa yarinya a kafaɗa. A bakin ƙofa ta tsaya kamar za ta waiwayo, sai wata gwaggonta ta kira ta daga waje, ta tafi. Baba Toby ya sa aka ɗaga kujerarsa aka juya ta wajen taga. Ni ban motsa ba. Na kalli wasan har ƙarshe, ban ji komai ba, kamar ina kallon wanki yana juyawa a inji.

Ya riƙe shi duk wasan. Ƙirji da baya, hannu a riga, gwiwar hannu a haƙarƙari. Ya kayar da shi sau shida. Hedley bai ci ko ɗaya ba. Da aka tashi, masu hoto suka jawo su biyun suka haɗa kafaɗunsu, suka ce su yi murmushi, ’yan gari ɗaya. Hedley yana kallon hagu, Silas yana kallon dama.

Jaridar ta iso a jirgin wasiƙu ranar Laraba. Manajan kanti, Bature ne sabon zuwa, ya yanke hoton ya manna a jikin ƙofa da murnarsa. Mata suka zo suka tsaya nesa da kwandunansu, babu mai shiga. Na ɓalle shi na ninke na sa a aljihu. Ya tambaye ni dalili, na ce iska za ta yaga shi.

Babu wanda ya yi faɗa, babu wanda ya ɗauki sanda. Renita ta kwashe kayanta daga gidana ta koma zangon uwarta, bargo biyu da tukunya da keken yarinya. In na haɗu da ita a kanti muna gaisawa, takan miƙo mini Keziah in ɗauka. A watan Satumba kulob ɗin Hedley suka sallame shi, ya koma Darwin wajen dangin matarsa. Tsofaffi suka daina tambayata labarin Silas. Ba su hana kowa ambatonsa ba, tambayar kawai suka daina.

A tsakiyar Oktoba ya kira da rana, ina cikin jera madara. Ya ce yana zaune a mota a harabar kulob, yanzu ya fito daga ofis.

“Sun ba ni shekara biyu, Inna.”

Na ce to, madalla.

Ya tambayi uwarsa, na ce jiki da sauƙi. Ya tambayi kare. Sannan ya tambaya ko Renita ta ce wani abu. Na ce Keziah ta fara tafiya, tana bin bango. Ya ce an ba su hutu daga tsakiyar Disamba, mako uku, yana tunanin ya hau jirgi zuwa Alice, in akwai mai zuwa ɗaukarsa.

Shekara biyu ke nan ba mu ga ruwan da zai jiƙa tayar mota ba, kuma ya sani, don kowace Lahadi ina yi masa mitar fari.

Na ce, “Ka bari mu ga yadda ruwa zai yi da hanya.”

“To, Inna.”

Ya ce ana kiransa, za a auna shi. Na ce ya je. Na koma kan madarata, akwai kwali huɗu da ban buɗe ba.